Iyayenmu Mata na Ikilisiya da Tarihin da Ba Ya Shiga Takardar Jana'iza



An nemi in yi magana a kan iyayenmu mata da Allah ya ja kwanansu, waɗanda suka riƙe bangaskiyar Katolika, suka ƙarar da ƙarfinsu a hidimar gida. Babu wani a zauren nan da bai taɓa riƙe takardar jana'izar irin wannan uwa ba. Hotonta a bango da zanen Zumuntar Mata Katolika, shekarar haihuwa da aka kintata, jerin 'ya'ya da jikoki kowa da muƙaminsa, sai saƙonnin ta'aziyya shafi bayan shafi. Tarihinta kuwa bai wuce sakin layi biyu ba: an haife ta, an yi mata baftisma, ta yi aure, mai ibada ce, mai haƙuri, mai son baƙi. Duk gaskiya ne. Amma ɗauki takardu goma ka cire hotunan, ba za ka iya bambanta wata da wata ba. Shekara tamanin ko casa'in sun fi ƙarfin layi biyu, kuma alhakin wannan gajartawa yana wuyanmu, mu 'ya'yan da suka sha wuya suka sa a makaranta.

Bari mu yi lissafi tare. A ce an haifi uwar nan a 1935, a wani ƙauye na kudancin lardin Zazzau ko a ƙasar Filato. A lokacin shekara 28 kacal ke nan da Fada uku na ƙungiyar SMA suka sauka a Shendam a 1907, suka kafa mishan ɗin Katolika na farko a arewacin kogunan Kwara da Binuwai. Ke nan da wuya a ce ta gaji addinin nan daga kakanni. Ko dai ita ce ta farko a gidansu, ko iyayenta ne, kuma shigar tana da tsada: a yi fushi da kai a dangi, a daina kiranka wajen al'adun gida. Misar da ta fara ji da Latin ake yin ta, Fada ya juya wa jama'a baya yana fuskantar bagade. Sai bayan babban taron Vatican na biyu, 1962 zuwa 1965, aka buɗe ƙofar yin Misa da Hausa da sauran harsunanmu. A ƙuruciyarta mai son karɓar Jikin Almasihu ba ya cin komai tun daga tsakar dare, don sai a 1957 aka rage azumin zuwa awa uku, a 1964 ya koma awa ɗaya. Ku ƙaddara budurwa ta taso da asuba ba ta karya ba, ta taka zuwa ƙauyen da aka ce Fada zai sauka, wanda wataƙila ba za a sake ganinsa ba sai bayan makonni.

To, tsakanin zuwan Fada da zuwan Fada, wa ya riƙe addinin? Katikis ya yi nasa, ba na rage masa komai. Amma katikis ba ya kwana a gidan kowa. Wadda ke tara yara bayan tuwon dare, fitilar aci-balbal na ci, ta ja rosari wasu na amsawa wasu na gyangyaɗi, ta zunguri wanda barci ya sace, ita ce ta dasa abin da Fada ya zo ya yi wa baftisma. Yawancin iyayen nan ba su iya karatu ba, katikizim a ka suka haddace. Da aka zo gina coci na farko da tubalin laka, su suka ɗebo ruwa daga rafi, su suka yi daɓe. Ku buɗe kundin tarihin da Ikilisiyoyinmu ke bugawa lokacin bikin cika shekara hamsin: za ku ga sunan kowane Fada da ya zauna, da shugabannin kwamitin gini, da wanda ya ba da buhun siminti. Masu ɗebo ruwan, in an tuna da su, jimla guda ce.

Sai maganar da ta fi damuna, wato cewa da ake yi ba ta aiki, matar gida ce. Wadda ta tashi tun kukan zakara na fari, ta share, ta hura wuta, ta yi surfe da daka da niƙa, ta je gona da goyo a baya, ta dawo da itace, ta kai daddawa ko citta ko acca kasuwa. Kuɗin makarantar da ya mai da wasunmu likitoci da lauyoyi da limamai, daga ina ya fito? Daga kaskon ƙosai da tandar waina, daga adashen da ake zubawa ranar kasuwa, daga akuyar da aka sayar ana gobe komawa makaranta. Kuma tunda mun taru don faɗin gaskiya, a gidaje da yawa daga tukunyar burkutu ya fito. Na san wasu ba sa son a ambaci wannan a gaban Fada, amma Fada ya sani, wataƙila ma shi kansa da kuɗin aka biya masa na firamare. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da ba a biya a duniya, mata ke yin sa. Lissafin arzikin ƙasa ba ya ƙirga shi. Dokar fansho ta 2004 ba ta san da matar gida ba. Fanshonta 'ya'yanta ne, in sun samu, in kuma sun tuna.

Tsawon ran nata ma abin tsayawa a duba ne. A 1960, matsakaicin tsawon ran ɗan Najeriya bai kai shekara 40 ba, saboda yawan mutuwar ƙananan yara. Uwar da aka rubuta ta bar 'ya'ya shida, ku tambaya nawa ta haifa. Ƙyanda da agana da sanƙarau sun ɗauki nasu, kuma sunayen waɗannan yaran ita kaɗai ke riƙe da su. Ta ga tashin hankalin 1966 da yaƙin basasa zuwa 1970, wasu mazansu ko ƙannensu sun tafi soja ba su dawo ba. Ta ga fam da sule sun koma naira da kwabo a 1973. Ta ga gwamnati ta karɓe makarantun mishan, ta ga tsadar da ta biyo bayan tsarin tattalin arziki na SAP a 1986. In daga Kafanchan take, ta ga rikicin 1987, in daga Zangon Kataf, ta ga 1992, in ta zauna a Kaduna, ta ga 2000. Da yawa cikinsu maƙwabci Musulmi ne ya ɓoye su, ko su suka ɓoye nasa iyalin. Irin wannan labari ba ya shiga rahoton kwamitin bincike, sai dai a ji shi a bakin tsohuwa tana tsinke zogale.

Yaya aka yi uwar nan ta ƙare a nan Orozo? Gwamnatin Murtala Mohammed ta kafa Babban Birnin Tarayya a Fabrairun 1976, aka tare a Disambar 1991. 'Ya'yanta suka biyo aiki. Haya a cikin gari ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 ya ƙara tura mutane baya, sai aka bi hanyar Nyanya zuwa Karshi ana neman inda za a sa haƙarƙari: Karu, Jikwoyi, Kurudu, Orozo. Mama ta zo wankan jego na wata uku. Kafin ta shirya komawa wata surukar ta haihu. Daga nan ƙafa ta fara ciwo, aka ce ta tsaya ganin likita, shi ke nan zama ya kama. Kun san yadda safiyar garin nan take. Miji da mata sun fita tun duhu-duhu don kada cunkoson Nyanya ya ritsa da su, ba su dawowa sai dare. Mama ce ke yi wa yara wanka, ta raka su bakin titi, ta yi ciniki da mai ruwa a kan jarka, ta kwashe shanya in hadari ya haɗo, ta kuma lallaɓa zuwa Misar safe da sandarta. Ofisoshin da ke Garki da Maitama suna buɗewa a kan lokaci ne saboda akwai tsohuwa a Orozo da ke tsaron gida kyauta. Kada kuma mu manta da iyayenmu Gbagyi da Gwandara da Gade, waɗanda ba su zo Abuja ba, Abuja ce ta zo ta same su. Matar da ta saba ɗauko doya a kafaɗa daga gonar mijinta ta wayi gari gonar ta zama fuloti da katanga.

Ikilisiyar Abuja kanta yarinya ce a gaban waɗannan iyaye. A 1981 aka kafa ta a ƙarƙashin Kadinal Dominic Ekandem, ta zama dayosis a 1989, ta zama babbar dayosis a 1994 a zamanin John Onaiyekan. Uwar da aka haifa a 1935 ta girme ta da shekara 46. Iyayen nan su suka kawo tulu da caki da waƙoƙin Zumunta daga ƙauyuka suka cika sababbin majami'u, su ke zuwa gidan rasuwa tun kafin dangi su iso.

Ikilisiya ta ba iyaye mata abin koyi, Monika mai tsarki, wadda muke bikinta ranar 27 ga Agusta. 'Yar Afirka ce, daga Tagaste, garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya. Matar gida ce, ba ta bar rubutu ko ɗaya ba. Yawancin abin da duniya ta sani game da ita, ɗanta Augustine ne ya zauna ya rubuta a littafin da ya bayyana rayuwarsa. Ku lura da yadda ya rubuta. Bai ɓoye cewa mijinta Patricius mai zafin rai ne kuma mai neman mata ba. Bai ɓoye cewa ta fara zama da uwar mijinta cikin rashin jituwa saboda tsegumin barori ba. Har ya faɗi cewa tana yarinya, in an aike ta ɗebo ruwan inabi takan kurɓa, abin ya fara zama mata jiki, sai da wata baiwa ta yi mata gori ta daina. Ya faɗi yadda ya yaudare ta ya shiga jirgin ruwa zuwa Rum ya bar ta a gaɓa, yadda ta bi shi har Milan, inda Bishop Ambrose ya yi masa baftisma a 387. Wannan bai rage mata tsarki ba. Shi ya sa bayan shekara fiye da 1,600 uwa a Orozo da ɗanta ya bi shaye-shaye take jin Monika ta san ciwonta.

A nan sai in yi gargaɗi. Ana yawan ɗauko haƙurin Monika a danne bakin matar da ake duka. Ban yarda ba. Iyayenmu sun jure abubuwan da bai kamata a ce sun jure ba, kuma in muka rubuta haƙuri kawai muka rufe abin da aka yi haƙurin da shi, mun koya wa 'ya'yanmu mata cewa haka aure yake. Akwai uwar da ta yi shekaru tana zuwa Misa ba ta karɓar Jikin Almasihu, don mijinta ya ƙi a ɗaura aure a coci, ko don ita ce ta biyu a gida. Ta zauna a bencinta tana kallon sa'o'inta na tashi. Ba ta fasa zuwa ba. A ganina wannan ya fi duk yabon da muke bugawa nauyi.

Wani abu kuma game da Monika ya shafe mu kai tsaye. Ta riga ta tanadi kabari kusa da mijinta a Tagaste, amma ajali ya same ta a Ostia, bakin teku kusa da Rum, a shekarar nan ta 387. Wani ɗan nata, ɗan'uwan Augustine, ya so a ce a gida ta cika. Ita kuwa ta nuna musu cewa inda za a binne ta bai dame ta ba, abin da ta roƙa shi ne su riƙa tunawa da ita a gaban bagade. Ku gwada wannan da abin da muke yi yau: gawa ta yi wata biyu a firjin asibiti ana tara kuɗi, a ɗinka anko kala biyu, a yanka saniya, a ɗauki hayar motoci zuwa ƙauye, a yi wa gidan da ta kwana cikinsa yana yoyo sabon kwano da fenti. Ban ce kada a kai uwa gida ba, kowa da al'adarsa. Amma uwar da maganin hawan jininta ya yanke sau da yawa don babu kuɗi, ba ta bukatar akwati mai ƙyalli.

Rubuta rayuwar matar gida ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya Musulma mai suna Baba a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta rubuta labarinta daga bakinta. Tsohuwar ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954, kuma har yau masana a jami'o'in duniya na karanta shi don sanin zaman aure da ƙawance da bauta da zuwan Turawa a ƙasar Hausa. Baba ba ta yi sarauta ba, ba ta yi boko ba. An dai sami wadda ta zauna ta saurare ta ne.

Mary Smith da alƙalami da takarda ta yi. Ku kowa na da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Saboda haka roƙona ga matasa, kada ku jira sai kwamitin jana'iza ya ce a kawo tarihin Mama nan da kwana uku. Ku zauna da ita a makon nan, da harshen da ta fi sakewa da shi, ko Tyap ne ko Jju ko Gbagyi ko Hausa. Ku tambaye ta sunan uwarta da na kakarta, wa ya yi mata baftisma kuma a ina, 'ya'ya nawa ta binne, da me ta biya kuɗin makaranta, wa ya taimake ta ranar da gari ya rikice. In ta yi shiru a wata tambaya, ku ƙyale ta, ku dawo wata rana. Shugabannin Zumunta, ku buɗe littafi ku rubuta sunayen matan da suka fara ƙungiyar a wannan yanki tun masu tunawa na da rai. Fada, muna roƙo a ba wannan littafi wuri a ofishin Ikilisiya kusa da rajistar baftisma. Waɗanda kuma iyayenku ke raye, kafin ku kwanta yau ku duba ko maganinta ya ƙare.

 Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.