Alƙawarin Ɗan Takara da Haƙƙin Wanda Aka Saurara a Ɓoye

  

Ya 'yan'uwa masu sauraro, mas'alar da za mu tattauna a wannan zama ta faru ne a ƙasar Amurka, a lokacin neman shugabancin ƙasa na shekarar 2008. Tambayar da aka ajiye a gaban 'yan takara ita ce: kamfanin wayar da ya buɗe wa gwamnati layukan mutane ba tare da izinin kotu ba, a bar waɗanda abin ya shafa su kai shi ƙara, ko kuwa a yi doka a rufe ƙofar shari'a a kansa?

Asalin maganar shi ne, tun 1978 Amurka tana da doka da ake kira FISA, wadda aka kafa bayan kwamitin Sanata Frank Church ya tono irin leƙen asirin da hukumomi suka riƙa yi wa 'yan ƙasa. Dokar ta shar'anta cewa kafin a saurari wayar mutum a cikin ƙasa da sunan tsaro, sai an nemi izinin wata kotu ta musamman. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Shugaba George Bush ya ba hukumar leƙen asiri ta NSA umurni a asirce ta riƙa saurare ba tare da komawa ga wannan kotu ba. Al'amarin bai fito fili ba sai Disamba 2005, da jaridar New York Times ta buga shi. Sa'an nan a 2006 wani tsohon ma'aikacin kamfanin AT&T mai suna Mark Klein ya fito da takardu, ya bayyana cewa a ginin kamfanin da ke San Francisco akwai wani ɗaki mai lamba 641A, inda ake karkatar da kwafin saƙonnin intanet zuwa na'urorin hukumar. Ƙararraki wajen 40 suka taso a kan kamfanonin, aka tattara su gaban alƙali guda, Vaughn Walker.

Sai gwamnati ta nemi majalisa ta yi wa kamfanonin rigar kariya, kuma kariyar ta koma baya ta rufe abin da ya riga ya wuce. Adalci ya wajabta mu faɗi hujjarta yadda take. Ta ce kamfanonin sun taimaka ne da kyakkyawar niyya a lokacin tsoro, bayan an tabbatar masu cewa aikin yana bisa doka. Ta ce ba za su iya kare kansu a kotu ba, domin takardun da za su kafa hujja da su sirrin ƙasa ne. Ta ce in aka bar su suka biya diyya, gobe ba wanda zai amsa kiran hukuma. Wannan magana ba wofi ba ce. Amma akwai abin da ke raunana ta, shi ne kamfanin Qwest, wanda aka nemi bayanan masu hulɗa da shi ya ƙi bayarwa saboda ba a zo masa da takardar kotu ba. Ashe ke nan ƙin yarda abu ne mai yiwuwa, kuma wanda ya miƙa, da zaɓinsa ya miƙa.

To, ina 'yan takara suka tsaya? John McCain na jam'iyyar Rifablikan yana tare da kariyar, kuma da ita ya kaɗa ƙuri'arsa. A ɓangaren Dimokurat, wanda ya ɗauki abin da zafi shi ne Sanata Chris Dodd. A Disamba 2007 ya bar yawon neman ƙuri'a a jihar Iowa ya komo majalisa, ya ɗaura aniyar jan magana har a kasa kaɗa ƙuri'a, dole aka ɗage kudurin. Bayan 'yan makonni ya sha kaye a Iowa ya janye daga takara. Shi kuwa Barack Obama, a Oktoba 2007 kakakinsa ya sanar cewa zai goyi bayan toshe duk wani kuduri da ke ɗauke da wannan kariya. Ranar 12 ga Fabrairu 2008 aka kawo gyaran da zai cire kariyar, ya faɗi da ƙuri'a 31 a kan 67: Obama ya goyi bayan gyaran, McCain ya ƙi, Hillary Clinton ba ta halarta ba.

Ku lura da kwanakin da za su biyo, domin a cikinsu darasin yake. A farkon Yuni 2008 Obama ya tabbata shi ne ɗan takarar jam'iyyarsa. Ranar 20 ga watan Majalisar Wakilai ta amince da sabon kuduri, 293 a kan 129, kariyar tana ciki, sai Obama ya ce zai goyi bayansa. Magoya bayansa suka yi ca, har suka kafa ƙungiyar nuna rashin yarda a cikin shafinsa na yaƙin neman zaɓe, ta zama mafi girma a shafin. Ya amsa masu cewa kudurin bai cika ba, amma ya dawo da ikon kotu a kan saurare, kuma zai yi ƙoƙarin cire kariyar. Ranar 9 ga Yuli gyaran ya sake faɗuwa, 32 a kan 66, sa'an nan Majalisar Dattawa ta zartar da kudurin, 69 a kan 28. Obama ya ce na'am. Clinton, wadda ta riga ta fita daga takara, ta ce a'a. Joe Biden ma ya ce a'a. McCain yana wurin kamfe bai zo ba. Washegari Bush ya sa hannu.

Ba mu san abin da ke cikin zuciyar kowa ba, kuma ba aikinmu ne mu tsaga ƙirji ba. Zahiri muke hukunci da shi. Zahirin kuwa shi ne, lokacin da Obama yake neman yardar 'yan jam'iyyarsa ya yi alƙawarin toshewa, lokacin da ya juya neman ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya, inda ake tsoron a ce mutum yana da sakaci da tsaro, sai ya bari aka wuce. Ƙuri'ar da ya ba gyaran ba ta wanke shi ba a ganinmu, domin kowa ya san gyaran ba zai kai labari ba tun Fabrairu. Alƙawarin da ya ɗauka na toshewa ne, kuma a ranar da aka buƙaci toshewar bai yi ba. Ita ma Clinton, a'ar da ta faɗa ta zo ne a lokacin da ba ta da abin da za ta rasa.

Yadda kariyar take aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Dokar ba ta ce abin da kamfanonin suka yi halal ne ba. Abin da ta ce shi ne, idan Antoni Janar ya shaida wa kotu cewa kamfani ya sami takarda daga gwamnati mai nuna cewa shugaban ƙasa ya ba da izini kuma an ɗauki aikin a matsayin halattacce, tsakanin 11 ga Satumba 2001 da 17 ga Janairu 2007, to wajibi ne alƙali ya kori ƙarar. Watau wanda ya ba da umurnin shi ne kuma mai ba da shaidar da za ta kuɓutar da wanda ya zartar. Antoni Janar Michael Mukasey ya ba da shaidar a Satumba 2008, alƙali Walker ya kori ƙararrakin a Yuni 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Disamba 2011, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren batun a Oktoba 2012.

Ɗalibin fiƙihu zai gane inda matsalar take nan da nan. Malamai sun rarrabe tsakanin haƙƙin hukuma da haƙƙin bayi, kuma haƙƙin bawa mai shi ne kaɗai yake yafe shi. Tajassusi, wanda Suratul Hujurat ta hana, cin zarafin mutum ne a cikin sirrinsa. Idan larura ta sa hukuma ta buƙaci bincike, akwai alƙali, a je masa da dalili. Amma majalisa ta yafe a madadin wanda aka saurara, ba a tambaye shi ba, ba a ma bar shi ya san iyakar abin da aka ɗauka nasa ba, wannan kyauta ce da dukiyar wani.

An ce wa mutane, ku bar kamfani ku kai gwamnati ƙara, ai ita ta ba da umurni. To, an gwada. Reshen gidauniyar Al-Haramain da ke jihar Oregon, wadda gwamnati ta zarga da alaƙa da ta'addanci ta kuma riƙe dukiyarta a 2004, ya sami wata takardar sirri da hukuma ta miƙa wa lauyoyinsa bisa kuskure, wadda suka ce tana nuna an saurari wayarsu. A Maris 2010 alƙali Walker ya yanke cewa sauraren ya saɓa doka, daga baya ya ba lauyoyi biyu diyya. A Agusta 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta soke diyyar, bisa dalilin cewa gwamnati tana da tata kariyar daga irin wannan ƙara. Kamfani ya fita ta wannan ƙofa, gwamnati ta fita ta waccan.

Kada wani ya ce mene ne ruwanmu. A cikin wannan doka ta 2008 ne aka kafa sashe na 702, wanda ya ba da damar tattara saƙonnin mutanen da ba 'yan Amurka ba, mazauna wajen ƙasar, ta hannun kamfanonin Amurka, ba tare da izinin kotu a kan kowane mutum ba. Duk mai aika saƙo ta Gmail ko Facebook daga Kano ko Damagaram yana cikin jinsin mutanen da sashen ya halatta a nufa. Takardun da Edward Snowden ya fitar a Yuni 2013 sun nuna faɗin aikin. Obama ya sa hannu a sabunta sashen a 2012, Donald Trump a 2018, sa'an nan a 2024 Biden, wanda ya ce a'a a 2008, shi ma ya sa nasa hannu.

A nan za mu dakata.