A Auna Kafin A Saya: Jawabi Kan Ɗakin Kwamfuta Na Makarantarmu

 

An ɗora mini nauyin yin magana kan shawarar da ke gabanmu, wato a sayi sabuwar na'urar raba intanet don ɗakin kwamfuta da kuɗin da muka tara. Ni ba injiniya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, amma aikin ofis ya koya mini cewa takardar da ba ta da alƙaluma ba ta wuce teburin akawu. Koken da ake ta yi mana shi ne "sabis ba kyau". To, ina ne ba kyau? Kuma nawa ne ba kyau?

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaron Toranke da bai samu gwaji ba zai zauna layi ɗaya da yaron birnin Kano wanda ya saba. Don haka maganar ba ta wasa ba ce.

Jama'a, saƙo ba ya tafiya dunƙule a intanet. Gutsuttsura shi ake yi ƙulli-ƙulli, kamar manomin da ya loda buhu ɗari na gero zuwa kasuwar Dawanau. In casa'in suka isa, goma sun salwanta a hanya. Idan takarda ake aikawa, kwamfuta za ta sake tura abin da ya ɓace, shi ya sa shafi ke jan ƙafa. Idan kuwa magana ce, ba a sakewa, shi ya sa murya ke tsinkewa.

Akwai ma'aunin wannan asara a cikin kowace kwamfuta, kuma kyauta ne. Sunansa ping, wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta shi a 1983. A kwamfuta mai Windows sai a buɗe baƙin allon nan da ake kira Command Prompt, a rubuta ipconfig. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce adireshin na'urarmu, sau da yawa 192.168.0.1 ko makamancinta. Sai a rubuta ping -n 100 a bi shi da lambar. Kwamfuta za ta aika ƙulli ɗari, a ƙarshe ta faɗi nawa suka dawo, nawa suka ɓace. Wannan awo na farko ke nan. Na biyu kuma a rubuta ping -n 100 8.8.8.8, wato adireshin wata na'urar kamfanin Google da ke can waje.

In asara ta bayyana a awon farko, ɓarakar tana cikin gidanmu: ko kaurin bango, ko nisa, ko an ajiye na'urar bayan kabad na ƙarfe, ko wayoyi sun yi mata yawa. Wani lokaci maganin bai wuce a ɗaga ta sama a tsakiyar ɗaki ba. In kuwa na farko ya fito lafiya, na biyu ne ke zubar da kaya, to matsalar tana tsakaninmu da hasumiyar sadarwa ko gaba da nan. Ku tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya tabarbare a Nijeriya. Wanda ya sayi sabuwar na'ura a ranar ya yi asarar kuɗinsa ne kawai.

Ga masu amfani da Linux akwai ƙari. Umarnin iw dev wlan0 station dump yana nuna ƙarfin sigina: -50 mai kyau ne, -80 kuwa ya raunana ƙwarai. Yana kuma ƙirga sau nawa na'ura ta maimaita aike kafin ya isa. Wannan lamba takan fara hawa tun kafin ping ya ga wata asara.

Saboda haka roƙona guda ne. A sayi littafin rajista, a ba ɗalibai biyu na aji biyar ƙarƙashin malamin kwamfuta. Su yi awon nan biyu da safe, da azahar, da la'asar, har mako biyu, su rubuta rana da lokaci da adadi. In laifin namu ne, mu gyara ko mu saya da hujja. In na kamfani ne, mu kai masa rajistar. In bai saurare mu ba, hukumar NCC tana da lambar koke kyauta, 622. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Malamanmu, ku kuka hana mu rubuta amsar lissafi ba tare da nuna hanya ba.