Jawabi Kan Soket na Daɓe a Gidajen da Muke Ginawa



Da yawanmu muna gini a gida, har ana dasa soket a daɓen falo, inda ake gogewa da ruwa, inda jarirai ke rarrafe. Wutar da ta isa ta kashe mutum ba ta isa ta tsinke fiyus ba. Shi ya sa ƙa'idar Birtaniya, BS 7671, ta wajabta wa soket na'urar RCD, mai yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare.

Don haka a sa ta, a zaɓi soket mai murfi, a danna maɓallin gwaji duk wata 6, a ba ma'aikaci mai shaidar NEMSA aikin.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana iyalanmu, amin.