Girmama Tsoho Tun Yana Raye: Darasi Daga 'Yan Wasan Shigar Mata Na Amurka



Muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba mu damar yin jawabi a gaban waɗanda suka fi mu shekaru da sani. Mun san batun da muka zaɓa zai sa wasu su yi tsaki tun ba mu yi nisa ba, to muna roƙonsu haƙuri. Ba da fatawa aikin malamai ne. Namu aikin, a matsayin ɗalibai, shi ne mu duba yadda wata jama'a ta Amurka take ɗaukar tsofaffinta, kana mu ga abin da za mu tsinta a ciki.

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a da ake kira dirag, watau namiji ya caɓa ado irin na mata, ya hau dandamali, ya yi waƙa da rawa da barkwanci a gaban 'yan kallo. Galibin masu yin ta sun fito ne daga cikin masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi. A yau sana'ar tana kawo kuɗi da suna, musamman tun da RuPaul ya fara gasarsa ta talabijin a 2009. Amma a shekarun 1950 da 1960 abin ba haka yake ba, gama a birane da dama 'yan sanda kan kama mutum saboda tufafin da ke jikinsa kawai. Wanda ya yi shigar da ta saje da ta kowa yana iya ɓacewa cikin taro, amma ɗan wasa ba shi da wurin ɓuya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, saboda haka su ne suka fi shan kulki da kwana a ofishin 'yan sanda.

Daga cikin irin waɗannan ne jama'ar ta sami dattawanta. Ga misalin José Sarria, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya yi suna da wasa a wata mashaya mai suna Black Cat a San Francisco. A 1961 ya tsaya takarar majalisar birnin ba tare da ya ɓoye ko shi wane ne ba, abin da ba a taɓa yi ba a Amurka. Bai ci ba, amma ya sami ƙuri'a kusan 6,000, har 'yan siyasa suka gane cewa mutanen nan suna da yawan da ba a rainawa. A 1965 ya kafa ƙungiyar Imperial Court, wadda ta yi rassa a Amurka da Kanada da Meziko, tana shirya wasanni don tara kuɗin taimako, ciki har da na masu cutar ƙanjamau lokacin da annobar ta ɓarke a shekarun 1980.

A birnin New York kuwa, bayan tarzomar da ta tashi sa'ad da 'yan sanda suka kai samame mashayar Stonewall ran 28 ga Yuni, 1969, Marsha P. Johnson da Sylvia Rivera, waɗanda jama'arsu ke ambato da lafazin mata, suka kafa ƙungiyar STAR a 1970. Suka kama gida, suka riƙa ciyar da yaran da iyayensu suka kora, alhali kuwa su kansu ba su da abin kirki. Haka nan a unguwar Harlem aka kafa abin da suke kira gidaje, irin gidan LaBeija, inda babba guda kan zama uwa, ta ba yaro wurin kwana, ta koya masa ɗinki da rawa, ta tsawata masa in ya kauce hanya. Ke nan dattakun mutanen nan ba na furfura kaɗai ba ne, ɗawainiya ce ta ba su shi.

To, da me aka saka musu? A nan ne labarin ya rabu biyu. A 1973, wajen gangamin tunawa da Stonewall, Sylvia Rivera ta hau dandamali don ta yi magana a kan 'yan'uwansu da ke kurkuku, sai taron ya yi mata ihu. Waɗanda suka fara samun shiga wurin manya sun ga kamar 'yan wasa za su ɓata musu suna. Daga baya ta yi zaman rashin muhalli a bakin kogin Hudson, ta rasu a 2002 tana da shekara 50. Ita kuwa Marsha, a cikin kogin nan aka tsinci gawarta a watan Yulin 1992, tana da shekara 46. Sai a 2005 aka sa wa wata mahaɗar titi sunan Sylvia, a 2020 kuma aka sa wa wani wurin shaƙatawa a Brooklyn sunan Marsha. Yabo ya zo, amma ya tarar da kabari.

Wasu kuwa sun ga girmansu da idonsu. An sa wa wani yankin titi a San Francisco sunan Sarria a 2006, shekara bakwai kafin ya rasu yana da shekara 90. Walter Cole na birnin Portland, wanda aka sani da Darcelle XV, ya shiga kundin Guinness a 2016 a matsayin wanda ya fi kowa tsufa cikin masu wannan wasa, kuma a 2020 aka sa gidan wasansa cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Ya ci gaba da hawa dandamali har dab da rasuwarsa a 2023, yana da shekara 92.

'Yan'uwa, idan muka jera waɗannan rayuka huɗu, abin da za mu gani a fili yake. Sa wa titi suna abu ne mai sauƙi, gama allo da fenti ba su da tsada. Abin da ke da wuya shi ne kuɗin haya da kuɗin magani, da zama a saurari tsoho ko da maganarsa ba ta yi daɗi ba. Jama'ar da ta ci moriyar wahalar wani, sa'an nan ta ji kunyar a gan ta da shi, ta ci bashin da mutum-mutumi ba ya biya.

Mun san tun ɗazu da yawa daga cikinmu suna tuna 'yan daudu. Ba abu guda ba ne, domin na Amurka wasan dandamali ne, daudu kuwa hanyar zama ce da sana'a, irin sayar da abinci a tasha da rawa a wajen biki. Amma a wuri ɗaya sun haɗu: su ma yaran kan fake ne a ƙarƙashin wani babba da suke kira uwa. Duk hukuncin da mutum ya yanke a kan rayuwarsu, tsufa da ciwo ba su tambayar sana'a, kuma tarbiyyarmu ba ta koya mana mu tsallake tsoho yana kwance da yunwa ba.

Daga ƙarshe, ga mu nan, wasunmu sun riga sun kama aikin gwamnati, saura kuma suna hanya. Gobe fayil ɗin wani ɗan fansho zai iso teburinmu, ko wata tsohuwa ta tsaya a layin asibiti, ko wani tsohon makaɗi da muka yi rawa da kiɗansa ya zo neman taimako. Ran nan kada mu ce ya dawo gobe, kana in ya rasu mu cika jaridu da ta'aziyya. Na gaba idon na baya ne, mu kula da shi tun yana gani.