Ƙasar da Ta Danƙare Ba Ta Jin Taki: Awon Lantarkin Ƙasa a Gonakin Tsallaken Kogin Kaduna

Danƙarewar ƙasa ita ce matsewarta har ƙofofin da ruwa da iska ke bi su toshe. A gonakin Gonin Gora, Maraban Rido da Kujama sanadin a fili yake: tarakta mai jan haro, wadda ake sakawa gona ƙasa tana jiƙe, a zurfi ɗaya kowace shekara. Daga inda faifan ke tsayawa, wajen santimita 15 zuwa 25, sai faƙo ya kafu a ɓoye. Wanda ya tumɓuke masarar wurin zai ga saiwarta ta lanƙwashe ta bazu gefe maimakon ta nutsa, ruwa kuma ya kwanta a kwarin kunya kwana da kwanaki. Duk da haka lissafin hukumomi bai sauya ba: buhun taki nawa aka raba, tarakta nawa aka sayo. An bar jaki ana dukan taiki.

Awon lantarkin ƙasa na taimakawa wajen gano inda faƙon yake. Na'urorin da ke auna yadda lantarki ke ratsa ƙasa iri biyu ne. Veris 3100 ta Amurka janta ake yi, faifanta suna yankar ƙasa suna tura mata lantarki, ta karanta zurfin santimita 30 da na 90. EM38 ta kamfanin Geonics na Kanada da maganaɗisu take aiki, mutum ɗaya ke ɗaukarta, tana kai santimita 75 ko mita ɗaya da rabi gwargwadon yadda aka riƙe ta. Kowace ana haɗa ta da GPS, sai awon ya zama taswirar gona.

A nan masana da yawa ke kuskure. Na'urar ba tauri take aunawa ba. Lantarki danshin ƙasa yake bi, kuma yawan yumɓu da gishiri da zafi duk suna sauya awon. Zafi kaɗai yana ƙara kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri. Abin da danƙarewa ke yi shi ne haɗa ƙwayoyin ƙasa da juna da riƙe ruwa, shi ya sa awon kan hau a wurin. Ƙasar tudu ta Kaduna kuwa ba ta da gishiri, yumɓunta ba ya riƙe sinadarai sosai, don haka awonta ƙasa-ƙasa yake tun asali. Wanda ya fita da na'ura a tsakiyar hunturu, ƙasa ta bushe ƙarau, zai dawo da taswirar da ba ta bambanta komai. Inda marmara ta matso sama, ƙarfen cikinta na iya rikita EM38. A fadamun Kakuri da Nasarawa, inda ruwan kwatami ke gangarawa kogi, gishiri na iya ɗaga awon alhali ƙasar ba ta danƙare ba.

Saboda haka ƙa'idar biyu ce. A yi awon kwana biyu ko uku bayan ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta tsane amma ba ta bushe ba. Sannan a bi wuraren da awon ya hau da inda ya sauka da sandar gwajin tauri: in ta haura megafaskal 2, saiwar yawancin amfanin gona ta fara gazawa. A haƙa rami a gani da ido. Taswirar da ba a yi wa wannan bibiyar ba ado ce kawai.

Masu cewa wannan kayan manyan gonakin Turawa ne, ya fi ƙarfin mai hekta ɗaya, sun manta cewa taraktar ma haya manomin ke ɗauka. Na'ura ɗaya ta ishi gonakin gunduma guda.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da ma'aunin da ya dace da ƙasar Kaduna, na tudu daban, na fadama daban. Hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha ta horar da malaman gona, ta mallaki na'urorin tana ba da haya. A hana tarakta shiga gonar da ba ta tsane ba, a kuma ware mata hanya ɗaya da za ta riƙa bi. A fasa faƙon da garma mai zurfi a inda taswira ta nuna kaɗai, domin aikin yana shan mai. Bayan haka a bar karmami a gona, a zuba takin gargajiya, don kada ƙasar ta sake danƙarewa.