Baƙon Jiya, Ɗan Garin Yau: Ƙabila da Siyasa a Amurka



Kwanan baya na buga waya ga wani ɗan ajinmu da ke zaune a Amurka. Ya miƙa wa ɗansa wayar don ya gaishe ni. Na ce, "Yaro, kana lafiya?" Ya ji ni sarai, amma da Turanci ya amsa. Da uban ya karɓi wayar, sai ya ce mini abin yana damunsa ƙwarai, domin bai san ko jikokinsa za su san asalinsu ba. Wannan hira ce ta sa na zaɓi yin magana a kan yadda baƙo ke narkewa a cikin jama'ar Amurka. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba shaihin malami ba, don haka idan na yi kuskure malamanmu na tarihi suna nan, su gyara mini kamar yadda suka saba.

Amurkawa sukan kwatanta ƙasarsu da tukunyar maƙeri, wadda ake zuba ƙarafa iri-iri su narke su zama ɗaya. Akwai gaskiya a ciki. Alal misali, mutanen Ailan sun kwarara Amurka saboda yunwar da ta fara a ƙasarsu a 1845. Talakawa ne 'yan Katolika, aka kuwa tarbe su da ƙyama, har aka kafa jam'iyya a shekarun 1850 don adawa da baƙi da 'yan Katolika. A birnin New Orleans, a 1891, gungun mutane suka kashe 'yan asalin Italiya 11. Jamusawa kuma sun ga ta kansu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda jihohi da dama suka hana koyar da harshensu, sai a 1923 Kotun Ƙoli ta soke irin wannan doka ta jihar Nebraska. Amma a 1960 aka zaɓi John Kennedy shugaban ƙasa, shi kuwa tattaɓa-kunnen waɗanda suka gudu wa yunwar Ailan ne. Makaranta da aikin masana'anta da aikin soja da auratayya suka mayar da jikokin waɗannan baƙi 'yan gari. Farashin da suka biya shi ne harshe: kaka yana magana da harshen gida, ɗa yana haɗa biyu, jika kuwa Turanci kaɗai.

To, amma ba kowa aka bari ya shiga tukunyar ba. A 1882 aka yi dokar hana ma'aikata 'yan Sin shiga ƙasar, ba a soke ta ba sai 1943. A 1942 aka tsare masu asalin Japan kimanin 120,000 a sansanoni, alhali yawancinsu haifaffun ƙasar ne. 'Yan asalin ƙasar na farko, wato Indiyawan Amurka, su kuma da ƙarfi aka so narkar da su. Aka riƙa kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana, irin ta Carlisle da aka buɗe a 1879, ana aske musu kai, a canza musu suna, a hana su harshen iyayensu. Baƙar fata kuwa, waɗanda aka fara kai kakanninsu Virginia tun 1619, Turanci suke yi, yawancinsu Kirista ne, amma duk da haka doka ta ware su a makarantu da motocin haya da rumfunan zaɓe, har zuwa dokokin 'yanci na 1964 da 1965. Ke nan koyon harshen masu gida ba ya wadatarwa, sai doka da masu gida sun yarda.

Daga 1965 al'amura suka sauya. A wannan shekara aka soke tsarin 1924 da ya fifita baƙi daga arewa da yammacin Turai, sai ƙofa ta buɗe wa mutanen Asiya da Afirka, har da ɗan ajinmu. A 1967 Kotun Ƙoli ta soke dokokin hana aure tsakanin fari da baƙi. A lokacin, kashi 3 cikin ɗari na sababbin ma'aurata ne suka auri wani jinsi, amma a 2015 sun kai kashi 17. Ƙidayar 2020 ta nuna masu asalin Latin Amurka sun kai kimanin miliyan 62 cikin miliyan 331.

Da ganin haka, sai mutum ya zaci rabuwar kai za ta ragu. Ina! Riga kawai ta canza. Bayan dokokin 'yanci, fararen jihohin kudu sun bar jam'iyyar Dimokurat a hankali suka koma Rifablikan, baƙar fata kuma suka tattaru a Dimokurat. Sannu a hankali birni da ƙauye, mai digiri da marar digiri, mai zuwa coci da wanda ba ya zuwa, kowa ya kama ɓangare, har jam'iyya ta zama tamkar ƙabila. Mun ga inda abin ya kai ranar 6 ga Janairu, 2021, da magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin majalisar dokoki. Abin mamaki kuma, a zaɓen 2016 ƙasa da kashi 30 na masu asalin Latin Amurka suka zaɓi Trump, amma a 2024 fiye da kashi 40 suka zaɓe shi, duk da alkawarinsa na korar baƙin haure. Dalilai suna da yawa, har da tsadar rayuwa, amma ɗaya daga ciki tsoho ne: baƙon da ya zama ɗan gari yakan fara kallon na bayansa da idon da aka kalli kakansa.

Jama'a, darasin da na ɗauka shi ne, narkewa ɗaya ce, haɗin kai daban. Mutane za su iya yin harshe ɗaya, su yi auratayya, amma su kasa yarda da sakamakon zaɓe ɗaya. Abin da ke riƙe ƙasa shi ne kowa ya amince doka za ta yi masa adalci, ko ɓangarensa ya ci ko ya faɗi.

Shi kuwa ɗan ajinmu, na ce masa tarihi ba ya bayansa, amma bai ɗaure masa hannu ba. Makaranta za ta ba yaron Turanci ko bai nema ba. Hausa kuwa, idan ba a bakin tabarmar cin abinci ya same ta ba, babu mai ba shi. Ya riƙa turo shi hutu wurin kakanninsa, mu ma in ya zo mu ƙi amsa masa da Turanci.