Sukarin Da Muke Aunawa, Daga Gonar Wa Ya Fito?

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwana 'yan ƙungiya, ina yi mana barka da zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya tamu. Allah ya ƙara haɗa kanmu.

Ni dai kun san ni, sukari da fulawa nake aunawa a kasuwa. Shekara da shekaru ina kwance buhu ban san abin da aka rubuta a jikinsa ba, sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ran da na karanta adireshin Legas a jikin buhun, na ɗauka a can ake noma raken. Malamarmu ce ta ce a'a, tacewa kawai ake yi a can. Mafi yawan ɗanyen sukarin daga Brazil ake kawo shi a jirgin ruwa, kuma da dala ake biya. Shi ya sa da naira ta faɗi a 2023 buhu ya tashi, masu alewa da cincin da zoɓo a cikinmu suka ga jarinsu yana narkewa.

Gwamnati ta san da matsalar. A 2012 ta amince da babban tsarin bunƙasa sukari, wanda ya ce kamfanin da aka ba izinin shigo da ɗanyen sukari, dole shi ma ya noma rake a gida. Akwai gonar Dangote a Numan, jihar Adamawa, da ta Flour Mills a Sunti, jihar Neja, da ta BUA a Lafiagi, jihar Kwara. Matasa sun samu aiki, wasu manoma na kusa suna noma wa masana'anta. Amma har yau abin da ake nomawa a gida bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muke sha ba.

To ina ƙaramin manomi mai fadama, irin na Makarfi? Shi rakensa na sha ne da na mazarƙwaila, masana'antun nan sun yi masa nisa. In farin sukari ya yi araha, a manta da shi. In ya yi tsada, ɗan kasuwar da ya saye ya ɓoye ne ke cin riba.

Ga shawarata. In an fara saran rake da sanyi, mu cire wani abu daga asusunmu, mu tura mutum biyu su sayo mazarƙwaila kai tsaye daga hannun masu dafawa. Mu adana a busasshen ɗaki don kar ta yi laushi, mu raba wa masu kunu da nakiya da alewa a farashin sari. Ba za ta shiga kowace sana'a ba, mai kek sai da farin sukari. Amma abin da ta rage mana ta rage, kuɗin kuma ya tsaya a hannun manominmu.

Ina roƙo a saka wannan magana a taronmu na wata mai zuwa, a ƙirga hannu.